Bangaskiya, Ceto da Sabon Alkawari a Koyarwar Kirista: Tambayoyi da Amsoshi ga Hausawan Sudan

Mafi yawan Hausawan Sudan Musulmi ne, tun daga zuriyar waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 suka zauna a Mai Wurno kusa da Sinnar, har zuwa jikokin mahajjatan da suka yada zango a Gadarif da Kassala da Damazin a kan hanyar Makka, zangon kuma ya zame musu gida. Sai dai suna zaune ne da maƙwabta Kiristoci: Kibɗawa, wato mabiya cocin Otodoks na Masar, a Hartum da Umdurman, mutanen duwatsun Nuba, da 'yan Sudan ta Kudu da suka ci gaba da zama a arewa bayan rabuwar 2011, ga kuma 'yan tsirarun Kiristoci masu jin Hausa waɗanda aiki ko karatu ya kawo daga Najeriya. Zaman tare ba ya rasa tambayoyi, a kasuwa ko a kan bencin mai shayi, kuma sau da yawa Kiristan da aka tambaya ya san abin a zuciyarsa amma bai iya tsara shi a baki ba. An amsa tambayoyin da ke ƙasa bisa abin da Littafi Mai Tsarki da manyan ikkilisiyoyi suke koyarwa, an kuma nuna inda Kiristoci suka saɓa a tsakaninsu.

Tambaya: Me Kiristoci suke nufi da ceto, kuma daga me ake ceton mutum?

Amsa: Ana ceton mutum ne daga zunubi da abin da zunubi ke jawowa, wato rabuwa da Allah da hukunci da mutuwa. A koyarwar Kirista zunubi bai tsaya ga laifuffukan da mutum zai iya ƙirgawa ba, kamar ƙarya da sata da zina. Akwai karkatar da ke cikin zuciyar ɗan Adam kanta, wadda take sa shi ya san daidai amma ya kauce masa. Manzo Bulus ya rubuta wa Romawa cewa dukan mutane sun yi zunubi sun kasa kai wa ga ɗaukakar Allah (3:23), kuma sakamakon zunubi mutuwa ne, amma kyautar Allah rai madawwami ce ta wurin Yesu Almasihu (6:23). Saboda haka ceto ya ƙunshi gafarar abin da ya wuce, da sabuwar zuciya mai iya yin biyayya a yanzu, da tashi daga matattu a ranar ƙarshe.

Tambaya: Don me mutum ba zai sami ceto ta wurin kyawawan ayyukansa ba, alhali Allah mai adalci ne?

Amsa: Wannan ita ce tambayar da sauran duka suke rataye a kanta. Kiristoci ba su ce kyawawan ayyuka banza ba ne. Abin da suka ce shi ne ba su isa su biya bashin ba, domin alherin da mutum ya yi yau dama wajibi ne a kansa, ba ragowa ba ce da zai cike giɓin jiya da ita. Bulus ya kawo misalin ma'aikaci a babi na 4 na wasiƙarsa ga Romawa, kuma duk wanda ya taɓa fita yankan riɗi a gonakin Gadarif ya san abin da yake nufi. Idan mutum ya wuni a sunkuye da lauje, ya ɗaure dammuna ya jingina su, kuɗin da mai gona zai ƙirga masa ba kyauta ba ne, haƙƙinsa ne, in an rage masa ma yana da bakin yin ƙara. To Bulus ya ce ceto ba irin wannan lissafin ba ne, domin da lada ake biya daidai da aiki, da babu wanda zai tashi da komai sai bashi. A wasiƙarsa ga Afisawa (2:8-9) ya faɗa a fili cewa ta wurin alheri aka cece mu, ta hanyar bangaskiya, kuma wannan baiwar Allah ce, ba sakamakon ayyuka ba, don kada kowa ya yi fariya.

Yesu da kansa ya ba da labarin mutum biyu da suka shiga Haikali yin addu'a (Luka 18:9-14). Na farko Bafarisiye ne, malami mai kiyaye doka, ya tsaya yana lissafa wa Allah azuminsa na sau biyu a mako da zakkar da yake fitarwa, yana godiya da bai zama kamar sauran mutane ba. Na biyu mai karɓar haraji ne, sana'ar da Yahudawa suke ƙyama domin masu ita suna yi wa Romawa aiki suna kuma cutar jama'a. Shi ya tsaya daga nesa, ya kasa ko ɗaga kai sama, yana dukan ƙirjinsa don nadama yana roƙon jinƙai. Yesu ya ce na biyun ne ya koma gida karɓaɓɓe a wurin Allah. Abin lura shi ne labarin bai ce Bafarisiyen ƙarya ya yi ba. Ya yi azumin, ya ba da zakkar; matsalarsa ita ce ya zo karɓar biya a inda ake raba kyauta.

Tambaya: Mece ce bangaskiyar da ake magana a kanta? Yarda da cewa akwai Allah ne?

Amsa: Ta fi haka. Wasiƙar Yakubu (2:19) ta ce aljanu ma sun yarda Allah ɗaya ne, har suna rawar jiki, amma yardar ba ta amfane su da komai ba. Bangaskiya mai ceto ita ce mutum ya dogara ga alkawarin Allah da kuma abin da Almasihu ya yi dominsa, ya daina jingina da nasa ƙoƙarin, shi ya sa ba a raba ta da tuba. Abin koyi a nan Ibrahim ne, wanda Littafin Farawa (15:6) ya ce ya gaskata Ubangiji a lokacin da ya tsufa ba shi da ɗa, aka kuwa lasafta masa wannan a matsayin adalci. Bulus ya jawo hankali ga cewa hakan ya faru tun kafin a umarce shi da kaciya, kuma shekaru 430 kafin a ba Musa Shari'a (Galatiyawa 3:17).

Ba a kuma auna ta da girma. Wani uba da ya kawo wa Yesu ɗansa marar lafiya ya ce ya gaskata, amma a taimaki rashin bangaskiyarsa (Markus 9:24), ba a kore shi ba, aka warkar da yaron.

Tambaya: In ceto kyauta ne, ashe mutum zai iya sheƙe ayarsa ya ce an riga an gafarta masa?

Amsa: Wannan zargi tsoho ne, tun Bulus yana da rai aka jefe shi da shi, ya kuma amsa a babi na 6 na Romawa da cewa faufau, wanda ya mutu ga zunubi ba zai ci gaba da zama a cikinsa ba. Ayar da ta biyo bayan maganar alheri a Afisawa (2:10) ta ce an halicce mu cikin Almasihu domin kyawawan ayyuka, Yakubu kuma ya ce bangaskiya ba tare da ayyuka ba matacciya ce (2:26). A Matiyu babi na 25 Yesu ya kwatanta ranar shari'a, inda tambayar ita ce wa ya ciyar da mayunwaci, ya karɓi baƙo, ya ziyarci marar lafiya da ɗan kurkuku. Tsarin dai shi ne Allah ne ya fara, bangaskiya ta karɓa, ayyuka suka biyo baya suna shaida cewa karɓar ta gaskiya ce.

Amma a faɗi gaskiya, mai wannan tambaya sau da yawa ba daga littafi ya samo ta ba, daga halin wani maƙwabci ne da yake zuwa coci ranar Lahadi yana kuma tauye mudu ranar Litinin. Irin wannan mutum bai fahimci koyarwar da yake iƙirari ba, kuma babu wata ikkilisiya mai tushe da za ta tsaya masa.

Tambaya: Mene ne sabon alkawari, kuma me ya sami tsohon?

Amsa: Tsohon alkawari shi ne wanda Allah ya ƙulla da Isra'ilawa a Dutsen Sina'i bayan fitowarsu daga Masar. Littafin Fitowa babi na 24 ya nuna yadda aka yi: Musa ya karanta wa jama'a dokokin, suka amsa da murya ɗaya cewa za su kiyaye duka, sai ya yayyafa musu jinin bijimai ya ce wannan ne jinin alkawarin. Dokar ba ta da aibi, amma jama'ar sun kasa riƙe ɓangarensu, kuma tarihin sarakunansu cike yake da bautar gumaka da zaluntar talakawa, har Babilawa suka rushe Urushalima da Haikalinta wajen shekara ta 586 kafin haihuwar Almasihu.

A cikin wannan mawuyacin zamani ne annabi Irmiya, wanda ya ga rushewar birnin da idonsa, ya yi shelar cewa kwanaki suna zuwa da Ubangiji zai ƙulla sabon alkawari, ba irin wanda kakanninsu suka karya ba (31:31-34). Abin da ya bambanta shi ba sauƙin doka ba ne. Allah ya ce zai sa dokarsa a cikinsu ya rubuta ta a zukatansu, zai zama Allahnsu su zama jama'arsa, kowa zai san shi daga ƙarami har babba, zai kuma gafarta laifinsu ba zai ƙara tunawa da zunubinsu ba. Duk wanda ya karanta ayoyin da natsuwa zai ga cewa kusan kowace jimla Allah ne yake cewa shi zai yi, a wurin da a Sina'i jama'a ne suka ce su za su yi. Annabi Ezekiyel, wanda yake cikin waɗanda aka kwashe zuwa Babila, ya faɗi makamancin haka game da cire zuciyar dutse a ba da zuciya ta nama da sabon ruhu (36:26).

Kiristoci sun gaskata cewa wannan ya cika a daren da Yesu ya ci Jibin Ƙetarewa da almajiransa kafin a kama shi, inda ya ɗauki ƙoƙo ya ce wannan ne sabon alkawari a cikin jininsa (Luka 22:20). Shi ne asalin Jibin Ubangiji da ake yi a kowace majami'a, ko da gurasar Kibɗawa ce zagayayya mai hatimin gicciye wadda ake toyawa a harabar coci, ko gutsuren burodi a ƙaramar majami'ar 'yan Nuba a gefen gari. Daga nan ne kuma aka sami sunayen sassa biyu na Littafi Mai Tsarki, Tsohon Alkawari mai littattafai 39 a lissafin Furotesta (Katolika da Otodoks suna da ƙari a kan haka), da Sabon Alkawari mai littattafai 27 a wurin kusan kowa.

Tambaya: Me ya sa sai Yesu ya mutu? Allah ba zai iya gafartawa haka kawai ba?

Amsa: A nan ne Kirista da Musulmi suka rabu sarai, domin Alƙur'ani a Suratun Nisa'i aya ta 157 ya ce ba a kashe Annabi Isa ba, ba a kuma gicciye shi ba, Kirista kuwa a kan gicciyen da tashin ya kafa dukan begensa. Ɓoye wannan saɓani da sunan zaman lafiya ba ya taimakon kowa. An fi girmama juna idan kowa ya san abin da ɗan'uwansa ya riƙe.

Amsar Kirista ita ce Allah mai jinƙai ne kuma mai adalci, ba ya kawar da ɗaya don ɗaya ya tsaya. A ƙarƙashin Shari'ar Musa babban firist yakan shiga Wuri Mafi Tsarki sau ɗaya a shekara, a Ranar Kafara, da jinin dabba saboda zunubin jama'a (Littafin Firistoci 16). Wasiƙa ga Ibraniyawa ta ce maimaita hadayar kowace shekara shi kansa shaida ne cewa jinin bijimai da awaki bai kawar da zunubi ba, inuwa ce ta abin da ke zuwa, Almasihu kuwa ya miƙa kansa sau ɗaya tak ya gama. Kiristoci ba su ɗauki Yesu a matsayin wani bare da aka kama aka ɗora wa laifin wasu ba. Sun gaskata cewa shi Kalman Allah ne da ya zama mutum, don haka Allah ne da kansa ya ɗauki nauyin gafarar da ya yi. Mutuwar kuma ba ta tsaya ita kaɗai ba, domin Bulus ya ce in ba a ta da Almasihu daga matattu ba, bangaskiyar Kirista banza ce (1 Korintiyawa 15:17).

Tambaya: Shin an soke Shari'ar Musa ke nan? Ina batun kaciya da abinci?

Amsa: Yesu ya ce bai zo ya rushe Attaura da annabawa ba, ya zo ne ya cika su (Matiyu 5:17). Dokokin hali, irin su hana kisa da zina da shaidar zur, suna nan, har ma ya zurfafa su zuwa abin da ke cikin zuciya. Dokokin hadaya da kaciya da abinci kuwa, manzanni sun zauna a kansu a Urushalima wajen shekara ta 49, suka yanke cewa ba za a ɗora su a kan waɗanda ba Yahudawa ba, sai dai su guji abin da aka yanka wa gumaka, da jini, da mushe, da fasikanci (Ayyukan Manzanni 15). Kiristocin Otodoks na Habasha da Iritiriya, waɗanda ake cuɗanya da su sosai a Kassala da Gadarif, suna yi wa 'ya'yansu kaciya kuma ba sa cin naman alade, amma wannan al'adar ikkilisiyarsu ce, ba a wajabta wa sauran Kiristoci ita ba.

Tambaya: Ba Turawa ne suka kawo wannan koyarwa Sudan ba?

Amsa: Ta riga su isowa da ƙarni masu yawa. Ayyukan Manzanni babi na 8 ya ba da labarin ma'ajin wata sarauniya mai laƙabin Kandake, laƙabin sarauniyoyin Marawi ta dā, wadda dalolinta suke tsaye har yau a Bajarawiyya kusa da Shandi. Mutumin yana komowa daga Urushalima a cikin karusarsa yana karanta Ishaya babi na 53, game da bawan da aka kai shi yanka kamar tunkiya bai buɗe baki ba. Wani mai bishara mai suna Filibus ya tambaye shi ko yana gane abin da yake karantawa, ya ce ina zai gane in ba wanda ya bayyana masa, ya gayyace shi ya hau. Da suka iso wurin ruwa shi ne ya nemi a yi masa baftisma. Mutum ne baƙo kuma bābā, wanda a ƙarƙashin tsohuwar doka ba shi da cikakken wuri a taron jama'ar Allah (Maimaitawar Shari'a 23:1), sabon alkawari kuwa ya karɓe shi ba tare da wani sharaɗi na asali ko na jiki ba.

A ƙarni na 6 masarautun Nubiya uku suka karɓi Kiristanci: Nobatiya a arewa, Makuriya mai hedikwata a tsohuwar Dongola, da Alwa mai hedikwata a Soba, kudu maso gabashin Hartum na yau, wadda ta daɗe har wajen shekara ta 1500. Tsakanin 1961 da 1964 masu binciken kayan tarihi daga Folan suka tono babbar majami'ar Faras kafin ruwan madatsar Aswan ya shanye wurin, suka ciro zane-zanen bangonta, aka raba su tsakanin gidajen tarihi na Hartum da Warso.

Mishan na Turawa sun zo daga baya, kuma a nan akwai zumunci da ƙasar Hausa. Ƙungiyar mishan ta SUM (Sudan United Mission) da ta fara aiki a Wase a 1904 ita ce ta buɗe tasha a Haiban cikin duwatsun Nuba a 1920, ƙungiyar SIM (Sudan Interior Mission) kuma, wadda cocin ECWA ta fito daga aikinta a Najeriya, ta yi aiki a kudancin yankin Bulu Nayil.

Tambaya: Duk Kiristoci sun yarda da juna a kan yadda ake samun ceto?

Amsa: Sun yarda cewa ceto daga alherin Allah yake ta wurin Almasihu, sun saɓa a kan yadda mutum yake shiga cikinsa ya kuma dawwama. Martin Luta, wanda ya ta da gardamar a Jamus a 1517, ya nace cewa ta bangaskiya kaɗai ake kuɓutar da mutum. Majalisar Katolika ta Tirent ta amsa a 1547 cewa alheri ne ke farawa, amma yana sāke mutum daga ciki, mutumin kuma yana ba da haɗin kai ta wurin ƙauna da sakramenti, wato ibadu irin su baftisma da Jibin Ubangiji. A ranar 31 ga Oktoba 1999, a birnin Ogsbag, wakilan Katolika da na Lutaran suka sa hannu a wata sanarwa da ta ce sun daidaita a kan tushen batun, ko da yake sauran bambance-bambance suna nan. Kibɗawa kuwa suna kallon ceto a matsayin tafiya ta tsawon rai cikin baftisma da tuba da Jibin Ubangiji da azumi. Wanda ya zauna da su ya san yadda suke barin nama da madara da ƙwai kwana 55 kafin Ista, idin tashin Almasihu daga matattu, suna rayuwa a kan ful da ɗa'amiyya.

Haka batun baftisma: Katolika da Otodoks da Angilikan suna yi wa jarirai, Baftis da wasu masu bishara sai mutum ya girma ya furta da bakinsa. Dukansu dai suna karanta labarin ɓarawon da aka gicciye tare da Yesu, wanda bai sami zarafin baftisma ko wani aiki ba, aka ce masa yau zai kasance a Firdausi (Luka 23:43).

Tambaya: Idan mutum yana da bangaskiya, Allah zai tsare shi daga yaƙi da talauci?

Amsa: Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilu na 2023 wannan tambaya ta daina zama ta ilimi kawai, domin Kirista da Musulmi tare suka bar gidajensu, an kuma lalata masallatai da majami'u. Sabon alkawari bai yi alkawarin dukiya ko tsira daga harsashi ba, kuma masu wa'azin da suke cewa wanda ya ba da kuɗi zai ga arziki, wanda ya sha wuya kuwa bangaskiyarsa ce ta gaza, suna ɗora wa mutane nauyin da Littafi bai ɗora ba. Babi na 11 na Ibraniyawa, bayan ya ambaci waɗanda suka tsira daga bakin zaki da kaifin takobi ta wurin bangaskiya, ya ci gaba da waɗanda aka jajjefe, aka kashe da takobi, suka yi yawo a jeji da kogwanni, ya ce dukansu an yaba musu saboda bangaskiya ɗaya. Bulus da kansa ya roƙa sau uku a cire masa wata ƙaya a jikinsa, aka amsa masa cewa alherin Allah ya ishe shi. Abin da aka yi alkawari shi ne ƙunci ko yunwa ko takobi ba za su raba mai bi da ƙaunar Almasihu ba (Romawa 8:35-39), an kuma umarce shi ya ciyar da mayunwaci ba tare da tambayar addininsa ba.

Tambaya: Wanda yake so ya duba waɗannan abubuwa da kansa, da wane harshe zai karanta?

Amsa: Cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932, aikin da Dokta Walta Mila na Zariya ya yi fice a cikinsa, an kuma sake fassara shi daga baya da Hausar da ta fi sauƙin karantawa, ana samunsa yanzu a wayar hannu. Da yake yawancin Hausawan Sudan da Larabci suka yi makaranta, ba da boko ba, da yawa za su fi sakewa da fassarar Larabci ta Fandaik, wadda aka kammala a Bairut a 1865, ita ce kuma ake karantawa a majami'u da dama na ƙasar. Bisharar Luka ta fi dacewa da mai farawa domin tana ba da labarin daga haihuwa har tashi a jere, daga nan sai Irmiya babi na 31 tare da Ibraniyawa babi na 8 zuwa 10, waɗanda suka fi kyau a karanta su a zama ɗaya.